Mutum Ɗaya, Gidaje Da Yawa: Jawabin Ofishin Magatakarda a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, wakilan masu martaba sarakuna, malamanmu Allah ya gafarta muku, sarakunan kasuwa da na tasha, Alhazai da Hajiyoyi, direbobi da ƴan kamasho, dillalai da ƴan canji, da yaran shago da ke tsaye can baya saboda kujeru sun ƙare, muna yi wa kowa barka da zuwa Maraɗi. Baƙinmu da suka taso tun asuba daga Katsina, Jibiya, Kano, Illela da Maigatari, da waɗanda suka kwana a hanya daga Damagaram, Tawa da Gaya, sannunku da hanya. Allah ya ba da ladan zumunci.

An ba mu ƴan mintoci, mu ma'aikatan ofishin magatakarda, mu ce wani abu. Lissafin shekara an riga an buga shi, kowa zai gani a takardar da aka raba, saboda haka ba za mu ɓata muku lokaci da shi ba. Muna neman izinin iyayenmu mu yi magana kan shawarwari biyu da aka shigar ofishinmu, waɗanda za a kaɗa musu ƙuri'a a babban taro mai zuwa. Ta farko ta ce a raba rajistar ƙungiya gida biyu, ƴan Nijar da littafinsu da asusunsu, ƴan Najeriya ma da nasu. Ta biyu ta ce daga yanzu kada a karɓi sabon mamba sai idan masu tsaya masa ƴan garinsu ne, kuma ƴan yarensu.

Waɗanda suka kawo shawarwarin nan mutanen kirki ne, kuma suna da dalili. Akwai wanda kayansa suka ruɓe a bakin iyaka. Akwai wanda ya ba da bashi da naira, kafin a biya shi naira ta faɗi, har a shekarar 2024 sefa ɗaya ta haura naira biyu. Akwai wanda abokin cinikinsa ya tsallaka da kuɗinsa ya kashe waya. Wanda ya ɗanɗani irin wannan, ba laifi ba ne in ya nemi katanga. Mu dai abin da muke roƙo shi ne, kafin a ɗaga hannu, a saurari abin da rajistar kanta take nuna mana, tunda mu ne muke buɗe ta safe da yamma.

A littafinmu kowane mamba yana da layi ɗaya: suna, garin haihuwa, inda yake zaune, ƙasa, hajar da yake sayarwa, da wanda ya tsaya masa. A gurbin ƙasa kalma ɗaya tak ake rubutawa, ko Nijar ko Najeriya. Amma sanarwar rasuwa, katin ɗaurin aure, goron suna da ƙarar bashi duk ta teburinmu suke bi, kuma su ne suke nuna mana sauran mutumin da layin nan bai ɗauka ba.

Ku ɗauki ɗan kasuwar wake guda ɗaya. Ba sai mun kama suna ba, don irinsa sun cika rumfar nan. An haife shi a wajen Madarunfa, katinsa na Nijar ne. Mahaifiyarsa Bafulatana ce. Ya yi almajirci a Zariya, ya yi aure a Jibiya, ƴarsa tana aure a Damagaram. Rumbunsa na kasuwar Dawanau tare suke riƙe da shi da wani Bakano. Da yake yana da babbar mota, yana cikin ƙungiyar masu motoci, inda yake zama kujera ɗaya da Buzaye da Larabawan Agadas. Kayan gyaran motar a hannun wani ɗan ƙabilar Ibo yake saye, shekara da shekaru, wani lokaci bashi. Matarsa tana zubin adashi da matan Zabarmawa da na Yarbawa a unguwarsu. A masallaci kuma yana da nasa sahun, ko na zawiya ko na Izala. To, jama'a, wannan bawan Allah a wane littafi za mu sa shi, mu ce mun gama da shi?

Abin da muka lura da shi shi ne, yawan gidajen nan da mutum yake shiga yana sauya yadda yake kallon sauran mutane. Idan ana hira a majalisa wani ya ce ƴan Najeriya ba su da amana, shi wannan mutumin fuskar surukinsa na Jibiya yake gani, da ta Bakanon da ke riƙe masa mabuɗin rumbu, sai maganar ta ƙi shiga kunnensa. Idan ya je Dawanau aka ce ƴan Nijar ƙauyawa ne, abokin rumbunsa ne zai fara tsawatarwa, don ya san wanda ake zagi. Mutum yana iya yi wa taron da bai sani ba kuɗin goro cikin sauƙi. Amma da wuya ya yi wa taron da ya ci tuwo a gidan ɗaya daga cikinsu.

Sannan duk wanda ya zama bare gare shi ta wata ƙofa, sai ka tarar ɗan gida ne ta wata. Wanda ba ƙasarsu ɗaya ba, sana'arsu ɗaya. Wanda ba addininsu ɗaya ba, layinsu ɗaya a kasuwa, kuma gobara in ta tashi ba ta tambayar sunan mai shago. Wanda ba yarensu ɗaya ba, malaminsu ɗaya. Ko saɓani ya shiga tsakaninsu ta ɗaya igiyar, akwai wata igiyar da ke riƙe da su, kuma ta nan masu sulhu suke kamawa.

Akwai kuma abin da tafiya take koya wa mutum, wato ɗanɗanar baƙunta. Ɗan kasuwarmu a Maraɗi ɗan gari ne. Da ya wuce Ɗan Isa ya shiga Jibiya, ya zama ɗan Nijar, a tambaye shi takarda. A Yamai Bahaushe ne. A Legas shi da Bakano da Babarbare duk “aboki” ake kiransu, babu mai bambanta su. A ƙasa mai tsarki kuwa, shi da Bayarabe da mutumin Cadi duk tudu ɗaya ake tara su. Wanda ya taɓa tsayawa a layi, ana yi masa tsawa da harshen da ba ya ji, yakan sassauta murya ranar da baƙo ya tsaya a ƙofar shagonsa yana inda-inda.

Ko bakinmu ma shaida ne. A nan muna cewa duwan, a can su ce kwastan. A nan yaro yana zuwa lakwal, a can makarantar boko. A nan in aka ce jika ɗaya, sefa 1,000 ake nufi, wato dala 200, a Kano kuwa jaka ɗaya naira 200 ce. Yaron shagon da bai san wannan ba zai yi asara ko ya yi faɗa. Wanda ya iya lissafin biyu ya riga ya koyi babban darasi, cewa abin da ya tashi ya tarar a gidansu ba shi kaɗai ne daidai ba.

Wannan hali ba mu muka ƙirƙiro shi ba, gado muka yi. Garin nan da muke zaune, sarkinsa har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin bayan jihadi gidan sarautar Katsina na da nan ya dawo ya kafu, kamar yadda na Gobir ya zauna a Tsibiri. Iyakar da ta raba mu Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjeniyoyinsu na 1898, 1904 da 1906, aka bi ana kafa alamomi har zuwa 1908. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500. Jihohi bakwai na Najeriya ne suke jingine da ita, daga Kebbi har Borno, ta ɓangarenmu kuma Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, zuwa Yamai kuwa ya haura 600. Muna girmama iyaka, muna biyan abin da doka ta ce a biya, kowa kuma yana son ƙasarsa da tutarsa. Sai dai layin ya zo ya tarar da aure da ciniki da karatu sun riga shi.

Fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro daga kasuwar Salaga, su ma ba jini ɗaya ba ne. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga arewa ne, wajen ƙasar Buzaye. Kambarin Barebari sunansu ma ya faɗi inda suka fito. Fatauci da zama da auratayya ne suka mai da su Hausawa, har daga cikin Agalawa aka sami Alhassan Ɗantata na Bebeji, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Da a ce mutanen Kano na wancan zamani sun kafa dokar sai ɗan yarenka zai tsaya maka, da wannan tarihi bai samu ba.

Ayarin nan kuma duk inda ya sauka, a gidan fatoma yake sauka. Fatoma zai ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Ƙarfin fatoma shi ne yana da ƙafa a gida biyu, ƴan gari sun san shi, baƙi sun yarda da shi. Haka zangunan Kumasi da Ankara suka ginu, inda Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Badagombe da Bayarabe suke zaune unguwa ɗaya, Hausa tana haɗa su. Mu ƴan ƙungiya aikin fatoma muke yi a yau, sai dai mun ƙara da hatimi da lambar waya.

Kakanninmu har wasa suka ƙirƙiro don wannan. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, in suka haɗu sai tsokana, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mu da muke kasuwa mun san amfaninsa tun kafin nan. Sau nawa ciniki ya ɗau zafi, sai wani ya gano cewa abokin faɗansa taubashinsa ne, aka ƙare da dariya da musafaha?

Yanzu mu zo kan lokutan da aka gwada mu. Dattawanmu suna tuna rufe iyakar 1984, wadda ta kai har 1986, kuma ta faɗo daidai da fari da yunwa. Mu da muke da ƙarancin shekaru mun ga ta watan Agustan 2019, wadda ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020, aka fara da Illela da Maigatari ta ɓangarenmu. A cikinta ne aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai kuma ta 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS, wadda a nan muke kira CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, har aka fara maganar yaƙi. Motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe, kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis ta yi sanyi, abinci da magani suka yi tsada. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a watan Maris.

Ba siyasa muka zo yi ba, kowa a nan yana da ra'ayinsa kan abin da ya faru, kuma ƙungiya ba ta tambayar kowa. Abin da muke so a tuna shi ne su wa suka tashi suka shiga tsakani. Sanatocin arewacin Najeriya suka fito suka ce ba su yarda a yaƙi Nijar ba. Mai alfarma Sarkin Musulmi yana cikin wakilan da aka aiko. Muhammadu Sanusi II ya shiga Yamai tare da Sarkin Damagaram suka gana da shugaban mulkin soja. Tawagar malaman Najeriya ta zo, aka buɗe mata ƙofa. Dukkansu mutane ne masu gida fiye da ɗaya. Ƴan Najeriya ne, amma sarauta ko karatu ko ɗariƙa ko jini ya ɗaure su da wannan ɓangare, shi ya sa aka saurare su.

A ƙasa ma haka aka yi, ba tare da rediyo ta faɗa ba. Direbobin da suka maƙale a wannan gefe, a gidajen ƴan ƙungiya suka ci suka sha. Namu da suka maƙale a can, su ma ba su kwana da yunwa ba. Akwai basussukan da aka ɗaga wa ƙafa har hanya ta buɗe, babu takarda babu shaida, sai sanayya. Haka kuma tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga, kuma kafin wata hukuma ta kafa tanti, mutanen ƙauyukan wajen Gidan Rumji ne suka buɗe musu ɗakuna. Ba su ga ƴan wata ƙasa ba, dangi suka gani da abokan cin kasuwa.

Mun kuma san abin da ke faruwa ranar da aka kankare wa mutum duk sunayensa aka bar masa guda ɗaya. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Doso ba, suka wayi gari sunansu baƙi, suka karyar da shaguna da gidaje. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin wannan, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu ƴan Gana, akwai kuma ƴan Nijar a ciki. Jakar da suka zuba kayansu a ciki har yau sunan wannan kora take ɗauke da shi, kuma muna sayar da ita a shagunanmu. Wanda ya kori wani jiya, shi aka kora yau. Malami ne, maƙwabci ne, mai biyan haraji ne, uban ƴaƴa ne, duk ba a duba ba.

Irin wannan haɗari yana ƙofarmu yanzu, kuma gara mu faɗe shi a fili. Ɓarayin daji sun addabi hanyoyinmu, daga dajin Madarunfa har Jibiya da Batsari. Sun kashe, sun sace, sun karɓi kuɗin fansa, wasu da ke zaune a nan abin ya shafe su kai tsaye, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. A cikin wannan zafi sai ka ji ana cewa “Fulani ne”, a dunƙule. Ku lura da waɗanda ba sa faɗin haka. Dillalan shanu ne, da mahauta, da matan da ke sayen nono, da wanda kakarsa Bafulatana ce. Su sun san Ardo wane da aka kore wa garke, sun san rugar da aka tayar, sun san cewa makiyayi na cikin waɗanda ɓarayin suka fi cuta. Ba wai sun fi kowa tausayi ba ne, sun fi kowa sanin mutanen ne. Ɓarawo a kira shi ɓarawo, hukuma ta kama shi ko ɗan wane ne. Amma ranar da muka bari kalma ɗaya ta rufe ƙabila guda, kasuwar dabbobi ce za ta fara mutuwa, kafin a zo ga sauran.

Sai dai akwai gyara a maganar nan, kada a ɗauka yawan ƙungiyoyi kawai muke yabo. Mutum yana iya zama cikin ƙungiya biyar, amma in ka duba, mutane ɗaya ne a cikin biyar ɗin: ƴan garinsu, su ne ƴan masallacinsu, su ne ƴan adashinsu, su ne ƴan jam'iyyarsu, su ne ƴan zaurensu na WhatsApp. Wannan ɗaki ɗaya yake ciki mai ƙofa biyar. Abin da ya ji da safe a shago shi zai ji da azahar a masallaci, shi za a turo masa da dare a waya, har ya ɗauka duk duniya ta yarda da shi. Irin wannan yakan fi kowa tsananin ra'ayi a kan bare. Amfanin yana samuwa ne idan gidajen sun saɓa, wato wanda kake tare da shi a nan ba shi ne kake tare da shi a can ba. Shawara ta biyu da aka kawo, ta cewa sai ɗan garinku ɗan yarenku zai tsaya maka, ɗakin nan mai ƙofa biyar za ta gina mana.

Kuma mun san mai gida biyu yana shan zargi. A ce masa jemage, ba ka cikin tsuntsaye ba ka cikin dabbobi. In ya kare ƴan can, a ce ya sayar da ƙasarsa. In ya kare ƴan nan, a can a ce dama ba namu ba ne. Akwai kuma masu ɓata wa sauran suna, waɗanda ke cin bashi a nan su ɓuya a can, ko su fake da zumunci su tsallaka da abin da doka ta hana. Waɗannan ba gida biyu gare su ba, maɓoya biyu gare su. Maganinsu kuwa shi ne ƙungiyar da hannunta ya kai duka ɓangarorin. Duk bashin da ofishinmu ya taɓa karɓo wa mamba daga ƙetaren iyaka, ta hannun wani mamba na can aka karɓo shi, wanda ya san gidan mutumin, ya san limaminsu, ya san surukansa. In muka raba littafi, wa za mu aika?

Saboda haka ga abin da ofishin magatakarda yake ba da shawara, hukunci kuma na babban taro ne.

Rajista ta zauna guda ɗaya. Matsalar canjin kuɗi gaskiya ce, kuma tana da magani ba tare da an raba mutane ba: a buɗe shafi biyu a asusun taimako, na sefa da na naira, kowane bashi kuma a rubuta da kuɗin da aka ƙulla shi da ranar da aka ƙulla, a gaban shaidu.

Masu tsaya wa sabon mamba su zama biyu, kuma mu juya shawarar da aka kawo: aƙalla ɗaya ya kasance ba ɗan garinsu ba, in da hali ma daga ɗaya ɓangaren iyaka. Wanda ya sami mutumin wani gari ya sa masa hannu, ya nuna cewa amanarsa ta wuce ƙofar gidansu.

Kwamitin sulhu kada ya zauna sai da mutanen ɓangarorin biyu, a sa mata a ciki, a sa kuma wakilin ƴan'uwanmu da ba Hausawa ba da waɗanda ba Musulmi ba, tunda suna biyan kuɗin wata kamar kowa.

Iyayenmu Alhazai, muna roƙonku da girmamawa ku dawo da al'adar aika yaro ya koyi ciniki a shagon aboki a wani gari. Yaron Maraɗi ya yi shekara a Kwari ko Dawanau, yaron Kano ya yi shekara a nan ko a Ƙonni. Zai dawo da lissafi biyu, da abokai a gari biyu, kuma ba za a iya sayar masa da ƙiyayya da arha ba. Aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, ranar da jirgi ya fara tafiya, yaran da suka san duka tashoshin ne za su ci moriyarsa.

Ta'aziyya da biki kuma, ƙungiya ta ci gaba da tura wakilai ko ina ne, ko da kuɗin mota ya yi tsada. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda ya zo maka gaisuwar mutuwa ba ka manta shi ranar da aka zo maka da tsegumi a kansa.

Na ƙarshe ya shafi wayoyin da ke aljihunmu. Duk saƙon murya da ya zo yana cewa ƴan ƙasa kaza ko ƙabila kaza sun yi kaza, kafin a tura shi gaba, a kira mamba ɗaya da ke garin a tambaye shi. Lambobin suna ofishinmu, kuma ba ma rufewa sai bayan la'asar.

Jama'a, a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO, suna cikin ƙawancensu na AES, Najeriya kuma tana inda take. Dokokin shige da fice da na duwan za su iya sauyawa, kuma duk abin da hukumomi suka tsara za mu bi. Abin da ke hannunmu shi ne littafin nan da mutanen da ke cikinsa. Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, wasu daga nan wasu daga can, tabarma ɗaya suka zauna suka rubuta sunayensu a shafi ɗaya. Muna roƙon a bar shi yadda suka bar mana.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ɓarayi. Allah ya zaunar da Nijar da Najeriya da maƙwabtansu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya kuma nuna mana ta baɗi.